Bangon da ke shan mai: inda tiritiyom ke maƙalewa a tukunyar fiyushan

Wani ƙanenmu ɗan Agege, ɗalibin injiniyan ƙarafa a Jami'ar Legas da ke Akoka, ya aiko da wannan tambaya:

"Yaya Injiniya, barka da aiki. Na ji ana cewa man tukunyar fiyushan daga ruwan teku ake samunsa, ga mu kuwa a bakin teku. Amma wani malaminmu ya ce wahalar ba a wajen samun mai take ba, bangon tukunyar ne ke shanye shi. Ƙarfen da ba shi da huda, ta ina iska za ta shige shi? In ta shiga a ina take zama, kuma ana iya fito da ita?"

Ƙanena, barka kadai, Allah ya ba da sa'ar karatu. Malaminka ya yi gaskiya, sai dai ni a wurina maganar biyu ɗaya ce: shan da bango ke yi shi ne matsalar samun man. Labarin ruwan teku rabin zance ne.

Fiyushan shi ne haɗe zarra biyu marasa nauyi su zama ɗaya, su saki zafi mai yawa. Mai iri biyu ake haɗawa, kuma dukansu haidurojin ne. Wanda ka sani furoton ɗaya ne kawai a cikinsa. Diteriyom yana da furoton ɗaya da niyutiron ɗaya, tiritiyom kuma furoton ɗaya da niyutiron biyu. Halinsu wajen cuɗanya da sauran sinadarai kusan ɗaya ne, nauyi ne ya raba su. Diteriyom shi ne na teku, kimanin gram 33 a kowace mita kubik ta ruwa, ba a fargabar ƙarewarsa. Tiritiyom kuwa ba a haƙo shi a ko'ina. Duk shekara 12.3 rabinsa yake rikiɗewa ya zama hiliyom, wato ko ka kulle shi a ɗaki ba ka taɓa ba, kashi 5.5 cikin ɗari ya tafi a shekara. Abin da ke hannun farar hula a duniya kilo 20 zuwa 30 ne, akasarinsa daga tukwanen nukiliya samfurin CANDU na Kanada da Koriya ta Kudu, kuma gram ɗaya yakan kai wajen dala 30,000.

In diteriyom da tiritiyom suka haɗe, ana samun hiliyom da kuma niyutiron mai ƙarfin ilektiron-bolt miliyan 14.1 (ilektiron-bolt shi ne ma'aunin ƙarfi a duniyar zarra). Ka riƙe wannan niyutiron ɗin a ranka, shi ne mai ɓarnar da ke gaba. Tukunyar da ke ba da gigawat 1 na zafin fiyushan tana ƙone tiritiyom kilo 55 da ɗoriya a shekara. Tashar da za ta yi gogayya da Egbin ta Ikorodu, mai megawat 1,320, za ta cinye fiye da kilo 150 a shekara in tana aiki ba tsayawa, domin ba duk zafin ke zama lantarki ba. Duk abin da duniya ta tara ba zai kai ta wata uku ba. Dole tasha ta samar da nata tiritiyom daga litiyom, kuma duk gram ɗin da bango ya riƙe an cire shi ne daga bakinta.

To, ta ina yake shiga? Ka fara cire tunanin huda daga ranka. Iskar haidurojin da ke cikin silinda zarra biyu-biyu take yawo, a manne da juna, kuma a haka ba ta shiga ƙarfe. Sai ta sauka a fuskar ƙarfen, fuskar ta raba tagwayen, sannan kowace ta nutse ita kaɗai. Ƙwayoyin zarrar ƙarfe a jere suke sahu-sahu, tsakanin kowane huɗu ko shida akwai ɗan lungun da ba kowa. Haidurojin shi ne mafi ƙanƙanta cikin duk sinadaran da Allah ya halitta, lungun ya ishe shi. Daga nan sai tsalle, daga wannan lungu zuwa na kusa, ba gabas ba yamma, har wata ta ɓulla ta ɗaya gefen ta sami 'yar'uwa su sake zama iska.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1863 Deville da Troost a Faransa suka ga haidurojin yana ratsa bututun ƙarfe mai zafi. A 1866 Thomas Graham ya gano ƙarfen faladiyom yana shan haidurojin da ya ninka girmansa kusan sau 900. Daga baya Adolf Sieverts ya fitar da ƙa'idar da ake amfani da ita har yau: ka ninka matsin iskar sau huɗu, abin da ya narke a ƙarfe sau biyu kawai zai ƙaru, saboda rabuwar tagwayen nan. Ka juya ƙa'idar ka ga muninta. In ka wahala ka rage matsin tiritiyom sau ɗari, yoyon sau goma kawai zai ragu.

In kana son gani da idonka, ba sai ka je Turai ba. Na sha nuna wa yara masu koyon walda a wurin aiki. Ka sami sandar walda da ta kwana a buɗe cikin laimar Legas, ka yi ɗan gajeren ɗinki a kan guntun ƙarfe, ka tsoma shi a ruwan sanyi nan take, ka kankare dattin, ka goge ya bushe, ka jefa shi cikin kwalbar gilisarin. Ba a jimawa za ka ga ƙananan kumfa suna tsirowa daga jikin ɗinkin, sirara, jere-jere, suna hawa sama a hankali, kuma za su yi awoyi suna fita. Ka maimaita da sandar E7018 da aka gasa a oba yadda ya kamata, da ƙyar za ka ga kumfa. Wutar walda ce ta fasa laimar, narkakken ƙarfe ya sha haidurojin ɗin, da ya huce kuma ya rasa wurin ajiye shi. Wanda bai sami fita ba yakan taru inda ƙarfe ke cikin tsananin ja, ya tsaga shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa a manyan ayyuka, irin tankunan Apapa ko bututan matatar mai, mai duba aiki yakan jira har awa 48 kafin ya gwada ɗinkin ƙarfe mai kauri da tauri. Ilimin da masu fiyushan ke aiki da shi daga nan ya taso, ba daga sama ya faɗo ba.

Sai dai tukunyar fiyushan tana da wata mashiga da ta fi wannan tsanani. Filasmar da ke tsakiyarta, wato man da zafi ya mayar iska mai cajin lantarki, zafinta yakan kai digiri miliyan 150, maganaɗisu ne ke riƙe da ita kada ta taɓa bango. Amma gefenta yana zubowa, kuma da gangan aka tsara ya zubo a wani magudani da ke ƙasan tukunya, wanda ake kira daibata. A nan kowace mita murabba'i tana shan zafin megawat 10, tana kuma karɓar zarra da yawansu ya kai 1 da sifili 24 a bayansa duk daƙiƙa. Waɗannan ba sa jiran fuskar ƙarfe ta raba su. A rarrabe suke zuwa, da gudu, su nutse nanomita kaɗan cikin bango. Kusan dukansu juyowa suke yi su koma filasma. Ɗan abin da ya miƙe ciki shi ne abin damuwa. Tangistin, ƙarfen da ake shimfiɗa wa daibata saboda ba ya narkewa sai a digiri 3,422, ba ya son haidurojin ko kaɗan, a bar shi da iska kusan ba ya sha. Filasma kuwa ɗura take yi masa. Abin da ya yi yawa sai ya nemi wani ɗan kogo a ƙarƙashin fuska ya taru, matsi ya hau har ya ɗaga fatar ƙarfen. A madubin ƙara girma za ka ga fuskar ta yi bororo.

Saurin tafiyarsa a ciki zafi ne ke yanke shi. Adadin da aka fi dogara da shi shekara da shekaru na Frauenfelder ne, wanda ya auna a 1969, ya sami cewa kowane tsalle a tangistin yana buƙatar ilektiron-bolt 0.39. A zafi mai tsanani ya yi awon, sama da digiri 800, kuma binciken baya-bayan nan yana nuna adadin ya ɗan fi haka ƙanƙanta, amma ya isa mu yi lissafi. A zafin Legas na yau da kullum, digiri 27, haidurojin zai ci kimanin maikuromita 20 a awa ɗaya. A digiri 500 zai ci milimita 2. Nisan kuma ba ya bin lokaci daidai wa daida: in kana son ya ninka zurfi sau biyu sai ka ba shi lokaci sau huɗu. Diteriyom ya fi haidurojin nawa da kamar sau 1.4, tiritiyom da sau 1.7. Bambancin bai kai ya kawo ba, shi ya sa akasarin ɗakunan bincike da diteriyom suke aiki, tunda ba shi da tururin nukiliya.

Da a ce ƙarfe lafiyayye ne sumul, da magana ta ƙare a nan: abin da ya shiga da rana ya fita da dare. Amma babu ƙarfen da ba shi da tabo, kuma a nan ainihin amsar tambayarka take. Akwai gurbin da zarra ɗaya ta tangistin ta ɓace daga sahu. Akwai inda sahu ya goce. Akwai iyakar da hatsin ƙarfe biyu suka haɗu jerinsu bai daidaita ba. Akwai kuma inda gurabe da yawa suka taru suka zama kogo. Duk waɗannan sun fi lungun yau da kullum daɗin zama ga haidurojin, in ya faɗa ciki fita sai da ƙarfi. Su ake kira tarkuna.

Ɗauki kalkuleta ka gwada da kanka, don sai ka ga lambobin za ka yarda. Zarrar da ke cikin tarko tana yunƙurin fita kimanin sau tiriliyan 10 a daƙiƙa, kuma damar nasarar kowane yunƙuri ta danganta da zurfin tarkon da zafin ƙarfen. Tarko mai zurfin ilektiron-bolt 1.4, irin na gurbi ɗaya, a digiri 27 zai riƙe zarra kimanin shekara 1,000. Tarkon nan dai a digiri 240 daƙiƙa kaɗan zai riƙe ta. Mai zurfin 2.0 kuwa, irin na kogo, a digiri 240 sai ya yi kwana 50 bai saki ba, a digiri 350 kuma minti 25. Ka lura da yadda ƙarin digiri 110 ya mayar da kwanaki mintuna. Sannan fita daga tarko ɗaya ba tsira ba ce. Wadda ke can ciki za ta faɗa wani, ta fita, ta sake faɗawa wani, sau dubbai, kafin ta ga fuska.

Ka san sabuwar randa. In aka zuba mata ruwan farko, sai ta sha ta ƙoshi kafin bayanta ya fara tsattsafo. Haka bango yake, tarkunan gaba ne ke fara cika, sannan na bayansu, kuma ba abin da zai ɓulla ta baya sai an cika na hanya. Masana ƙarafa ne suka fara rubuta lissafin wannan, McNabb da Foster a 1963, sai Oriani a 1970, kuma manhajojin da masu fiyushan ke amfani da su yau, irin TMAP da FESTIM, a kan wannan tushe aka gina su.

Yadda ake ƙirga tarkunan yana da ban sha'awa, na yi shi da hannuna lokacin karatun gaba da digiri. Za a yanko ɗan tangistin faɗin farce, a goge shi ya zama madubi, a ba shi filasmar diteriyom ya sha. Sai a sa shi cikin bututun gilashi mai jure wuta, a zuƙe iskar ciki kaf, a riƙa ƙara zafi a hankali, na'urar tantance nauyin zarra tana sauraren abin da ke fita. Da farko layin da ke kan kwamfuta a kwance yake. Can wajen digiri 200 zuwa 300 sai ya ɗaga ya yi tudu ya sauka, tarkuna marasa zurfi sun saki nasu. In an riga an yi wa samfurin rauni, sai wani tudu ya taso wajen digiri 500 zuwa 600, sau da yawa ya fi na farko. Wurin tudun yana nuna zurfin tarko, girmansa yana nuna yawan abin da ya riƙe. Akwai inda sabon shiga ke ruɗewa: tagwayen diteriyom da zarrar hiliyom nauyinsu kusan ɗaya ne, 4.028 da 4.003, na'ura mai araha ba ta raba su.

Darasi mafi ɗaci na farko da aka koya, duk da haka, ba daga tarkuna ya zo ba. Tukwanen baya, da kabon ake shimfiɗe su, domin ba ya narkewa kuma filasma tana haƙuri da shi. A 1997, tukunyar JET da ke Culham a Ingila ta yi aiki da tiritiyom ta kai megawat 16. Cikin gram 35 da aka zuba mata a wannan zango, kusan kashi 40 cikin ɗari bai dawo ba, kuma bayan duk wankin da aka yi, kimanin gram 6 ya rage a ciki. Da aka duba, sai aka same shi cikin ɓawon da ke ɓarewa a lungunan daibata masu sanyi, inda filasma ba ta ko leƙawa. Abin da ya faru shi ne filasma tana kankaro kabon daga wuri ɗaya, ya haɗu da tiritiyom, su je su kwanta tare a wani wuri, sabon shafi ya hau kansu ya binne su. Tarko yana cika ya ƙoshi. Binnewa ba ta da ƙoshi, muddin ana kankarowa tana ƙaruwa. Tukunyar TFTR ta Princeton a Amurka ma ta ga irin wannan.

Daga 2009 zuwa 2011 aka cire wa JET kabon aka sa mata beriliyom a bango da tangistin a daibata, sai riƙon mai ya ragu fiye da sau goma. Wannan ya ƙarfafa wa ITER, babbar tukunyar da ake ginawa a Cadarache a kudancin Faransa, gwiwar fasa amfani da kabon a 2013, kuma a 2023 ta yanke shawarar barin beriliyom ma, ta koma tangistin gaba ɗaya. Dokar da ke kanta ita ce kada tiritiyom da ke cikin tukunya ya wuce kilo 1, kuma bayan an ware na famfunan zuƙe iska da na kuskuren awo, gram 700 ne rabon bango. Ni dai ban ɗauki komawa tangistin a matsayin rabuwa da binnewa ba. Bangon tangistin yana buƙatar a riƙa shafa masa siririn boron don ya kama iskar oksijin, boron kuwa shi ma yana kwanciya da tiritiyom. An rage matsalar ne, ba a kashe ta ba.

Yanzu mu koma kan niyutiron. Ba shi da caji, maganaɗisu ba ya tare shi, kuma ba ya tsayawa a fuska kamar filasma. Ratsa bango yake yi har can ciki, duk zarrar ƙarfen da ya bankaɗa sai ta bar gurbinta ta bankaɗe wasu ɗaruruwa. Yawanci suna komawa sahu, amma ana barin gurabe da koguna a baya. Wato shi mahaƙin tarko ne, kuma ko'ina cikin kaurin ƙarfe yake haƙawa. Ana auna raunin da yawan lokutan da aka tumɓuke kowace zarra daga gurbinta. Gwaje-gwaje sun nuna tun kafin a kai ga tumɓuke zarra ɗaya cikin biyar, tangistin da bai yi zafi sosai ba yana iya riƙe diteriyom da ya kai kashi 1 cikin ɗari na yawan zarrarsa, ko sama da haka, alhali lafiyayye bai kai kusa da wannan ba. Amurka da Japan sun gasa tangistin a tukunyar HFIR ta Oak Ridge, suka kai shi Idaho suka ba shi filasma, suka ga diteriyom yana bin tarkunan yana nutsewa fiye da inda aka saba gani.

Kashi 1 cikin ɗari kamar ba komai ba ne, amma yi lissafi. Bangon ITER faɗinsa kimanin mita murabba'i 600 ne. Mita kubik ɗaya ta tangistin tana ɗauke da zarra 6.3 sau 1 mai sifili 28 a bayansa. In tarkuna suka cika zuwa zurfin milimita 1 kacal, rabin abin da suka riƙe kuma tiritiyom ne, ka sami kusan kilo 1. Wannan mummunan zato ne, domin bangon da ke aiki ya fi haka zafi, ITER kuma ba za ta sha niyutiron mai yawa ba. Tashar lantarki ta gaske ce za ta sha, shekara da shekaru, har wani sashe na tangistin ɗin ya rikiɗe ya zama riniyom da osmiyom. Kuma har yau babu wata na'ura a duniya da ke ba da niyutiron mai miliyan 14 da yawan da zai tsufar da ƙarfe kamar yadda tasha za ta yi. Tukwanen nukiliya na yanzu nasu bai kai wannan ƙarfi ba. Don cike wannan giɓi ake gina IFMIF-DONES kusa da Granada a Sifaniya. A ganina wannan ginin bai gaza kowace sabuwar tukunya muhimmanci ba, ko da yake ba shi ake ɗauka a hoto ba.

Ana iya fito da shi? Ana iyawa, amma ba duka ba. Hanya ta farko gashi: an tsara ITER ta riƙa gasa bangonta a digiri 240, daibata kuma a 350, kuma lissafin da muka yi ɗazu ya nuna maka waɗanne tarkuna za su saki, waɗanne za su ƙi. Ta biyu musaya. Gurbi ɗaya yana iya ɗaukar zarra har shida, kuma na ƙarshen shiga riƙonsu sako-sako ne. In ka cika ƙarfe da diteriyom, tarko ya cika maƙil, sai ya riƙa sakin ɗaya yana karɓar ɗaya, a hankali tiritiyom ya fito diteriyom ya maye gurbinsa, a zafin da gashi kaɗai ba zai yi aiki ba. Ta uku hasken leza, wanda ke dumama fuska kawai. JET ta gwada shi a cikin tukunya a 2023, shekarar da ta kafa tarihin megajul 69 kuma ta rufe aiki. Wanda aka bari ya daɗe a ciki kuma ba zaman lafiya yake yi ba: yana rikiɗewa ya zama hiliyom, hiliyom ba ya narkewa a ƙarfe, sai ya taru ya yi kumfa ya sa ƙarfen gautsi.

Za ka ce to a bar bango da zafi kullum mana, tarkuna su kasa riƙewa. Nan ne gizo ke saƙa. Zafin da ya hana riƙo shi ne ke buɗe hanyar baya. A bayan bango akwai bargon da ake samar da tiritiyom a cikinsa, inda niyutiron ke faɗa wa litiyom-6 ya ba da tiritiyom da hiliyom. Litiyom ɗin ko dai ƙananan duwatsun tangaran ne, ko narkakken haɗin darma da litiyom. Cikin bargon akwai dubban mitoci murabba'i na siraran bututai masu ɗauke da ruwa ko hiliyom don kwashe zafi, an yi su da sitil irin EUROFER na Turai ko F82H na Japan, suna aiki tsakanin digiri 300 da 550. Irin wannan sitil jerin zarrarsa a sake yake, haidurojin yana gudu a cikinsa fiye da yadda yake yi a sitil marar tsatsa nesa ba kusa ba. Tiritiyom ɗin da aka samar sai ya ratsa bututu ya shiga ruwan sanyaya, daga nan ya ratsa wani bututun ya shiga tururin da ke juya injin. Tashar da ke samar da ɗaruruwan gram a rana, masu zane suna son abin da zai tsere mata zuwa waje kada ya wuce kamar gram 1 a shekara.

Maganin da ake nema shi ne siririn shafi na tangaran a jikin bututu, irin alumina ko oksayid na erbiyom, wanda haidurojin ba ya iya ratsawa da sauƙi. A ɗakin bincike ana samun ragin yoyo sau ɗari har sau dubu. Da aka gwada irinsu a cikin tukwanen nukiliya, ragin ya faɗo ƙwarai. Ƙarfe da tangaran ba sa buɗewa daidai in sun yi zafi, kuma tsaga ɗaya siririya ta isa ta ɓata aikin fili mai faɗi. Duk wanda ya taɓa duba fentin cikin tanki ya san a wurin ɗinki da kusurwa ake fara samun matsala, bargo kuwa kusan duk ɗinki ne da kusurwa.

Ga lissafin da ya sa na ce maganar biyu ɗaya ce. Mafi kyawun zanen bargo yana sa ran samar da tiritiyom 105 zuwa 115 a madadin kowane 100 da aka ƙone. Ribar ke nan, 5 zuwa 15. Filasma kuma ba ta ƙone duk abin da aka zuba mata, kashi kaɗan take ci, sauran a zuƙe, a tace, a sake zubawa. In kashi 2 cikin ɗari take ci, kowace zarra sai ta zaga sau 50 kafin ta ƙone. A ce a kowane zagaye ɗaya cikin dubu ce ke maƙalewa ba ta dawo ba, ka yi asarar 5 cikin ɗari, ribar ƙaramin zane ta tafi gaba ɗaya, ba a ma yi maganar wanda ke rikiɗewa a ajiya ko wanda za a tara wa tasha ta gaba ba. Shi ya sa in na ji sanarwar cewa nan da 'yan shekaru fiyushan zai ba da lantarki, abin da nake fara nema shi ne me suka ce game da lissafin tiritiyom ɗinsu.

Ta fuskar lafiya, kada ka firgita fiye da kima. Tururin nukiliyar da tiritiyom ke fitarwa rauni gare shi, bai wuce milimita 6 a iska ba, ba ya ratsa fata. Haɗarinsa sai ya shiga jiki, musamman in ya zama ruwa, wanda ya fi iskarsa illa kusan sau 10,000, ko da yake jiki yana fitar da rabinsa cikin kwana 10. Dokar kilo 1 an yi ta ne don ranar da iska ko tururi zai kutsa cikin tukunya mai zafi ya kwaso abin da bango ya tara.

Tunda ƙarafa kake karanta, kada ka ɗauka wannan fage na masu tukunyar fiyushan ne kaɗai. Matatar Dangote da ke Lekki da duk masana'antar taki suna aiki da haidurojin mai zafi da matsi, kuma ƙa'idojin Sieverts da Oriani ne dai ke aiki a can. Akwai tukunyar bincike NIRR-1 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, akwai kuma na'urar harba zarra a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, irin wadda ake nazarin fuskar ƙarfe da ita. Amma aikin kammala digiri da za ka iya yi a Akoka ba tare da jiran kowa ba shi ne gwajin Devanathan da Stachurski na 1962. Kwalabe biyu ne, da siririn farantin sitil a tsakaninsu. A gefe ɗaya lantarki yana samar da haidurojin a fuskar farantin, a ɗaya gefen, cikin ruwan sodar sabulu (NaOH) mai rauni, kana auna ɗan lantarkin da kowace zarra ke bayarwa in ta ɓullo. Faranti mai kaurin milimita 1 yakan ɗauki mintuna zuwa 'yan awoyi, gwargwadon irin sitil ɗin. Ka shafa wa gefen fita siririn faladiyom ko nikel don awon ya zauna. In layin ya hau ya daidaita, ka kashe lantarkin shiga, ka bari farantin ya zubar da abin da zai iya zubarwa, sannan ka sake kunnawa. Karo na biyu zai riga na farko ɓullowa, domin tarkuna masu zurfi suna nan a cike, kuma tazarar da ke tsakanin layukan biyu ita ce ma'aunin yawansu. Sai ka yanko faranti biyu daga ƙarfe ɗaya, ka murje ɗaya a injin matsa ƙarfe ba tare da zafi ba, ka bar ɗayan yadda yake, ka kwatanta su. Matakan gwajin dalla-dalla suna cikin ƙa'idar ISO 17081, ka nemi malaminka ya samo maka ita kafin ka sayi kayan aiki.